Ƙananan Ƙungiyoyin Sa-Kai da Sharuɗɗan Yafe Haraji

Da wuya a shiga wata unguwa cikin biranen Nijeriya a rasa ƙungiyar taimakon kai da kai. A Kagarawal, cikin birnin Gombe, kamar yadda yake a Bolari da Pantami da Jekadafari, jama'a sun saba da ganin 'yan agaji a wurin taro, da matasa masu yashe magudanun ruwa kafin faɗuwar damina, da mata masu tara abin da ya sawwaƙa don marayu. Mutanen wannan yanki kuwa ba sa bukatar a gaya musu amfanin haɗa hannu, domin kwarin nan da ya taso daga wajen Jami'ar Jihar Gombe, ya ratsa Malam Inna ya kai Kagarawal, ya daɗe yana barazana ga gidaje kafin a yi masa babban aiki a ƙarƙashin shirin NEWMAP, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa. Da yawa daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi rassa ne na manyan ƙungiyoyi na ƙasa baki ɗaya, irin su Jama'atu Nasril Islam wadda aka kafa a Kaduna cikin 1962, ko Red Cross ta Nijeriya wadda aka yi wa doka tata cikin 1960, ko FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi da aka kafa cikin 1985. Waɗansu kuwa 'yan unguwa ne kawai suka zauna a ƙofar gidan mai unguwa suka naɗa shugaba da magatakarda da ma'aji.

Kusan dukansu suna da zato guda, watau tun da ba riba suke nema ba, babu ruwansu da ofishin haraji. Rabin wannan zato gaskiya ne. Gwamnatin Tarayya ba ta karɓar haraji a kan kuɗin da jama'a suka tara don aikin alheri. Amma wannan rangwame yana da sharuɗɗa, kuma ba kyakkyawar niyyar 'yan ƙungiya ce ke jawo shi ba. Takardu ne ke jawo shi, da irin hanyar da kuɗin ya biyo ya shigo, da inda ya tafi. Ƙungiyar da ba ta kula da waɗannan ba tana iya wayar gari da bashin tara wanda ya fi kuɗin da membobinta ke tarawa a shekara, alhali kuwa ko kwabo na haraji ba a bin ta.

Abin da Doka ta Yafe

A ranar 26 ga Yuni 2025 Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu. Biyu daga cikinsu ne suka fi shafar ƙungiyoyi. Ta farko ita ce Dokar Haraji ta Nijeriya, wadda ta bayyana abin da ake biyan haraji a kansa da abin da aka yafe. Ta biyu ita ce Dokar Gudanar da Haraji, wadda ta tsara yadda ake rajista, da lokacin kai rahoto, da tarar wanda ya yi sakaci. Dukansu biyu sun fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, kuma tsohuwar hukumar tara haraji ta tarayya, wadda aka sani da FIRS, ta koma Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Nijeriya, watau NRS.

Sabuwar doka ta yafe haraji a kan rarar kuɗin ƙungiyar da ke aikin addini, ko na sadaka, ko na ilimi, muddin aikin na amfanin jama'a ne, kuma muddin rarar ba daga ciniki ko sana'a ta fito ba. Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce. Tana cikin dokar harajin kamfanoni ta 1979, an dai sake tsara ta ne. Abin da ya daɗe yana jawo gardama shi ne ma'anar aikin amfanin jama'a, har sai da Dokar Kuɗi ta 2020, wadda ta fara aiki a Janairun 2021, ta yanke magana da ma'auni biyu: lalle ƙungiya ta kasance da rajista bisa dokar ƙasa, kuma lalle kada ta raba wa membobinta ko waɗanda suka kafa ta wata riba ta kowace fuska. Waɗannan biyu su ne abin da ma'aikacin haraji zai fara dubawa.

A nan ya kamata a rarrabe tsakanin ƙungiyar agaji da ƙungiyar adashi. 'Yan kasuwa ashirin da ke zuba kuɗi duk mako, kowa ya kwashe idan layinsa ya zo, abin kirki suke yi, amma kansu suke taimaka wa. Ba su cikin wannan babi. Hanyarsu ita ce rajistar ƙungiyoyin gama-kai, wadda ake yi a ofishin jiha, kuma tana da nata sharuɗɗan dabam.

Rajista

Sashe na 40 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin haɗuwa da waɗansu su kafa ƙungiya, saboda haka ƙungiyar da ba ta yi rajista ba ba ta karya doka ba. Sai dai a idon doka taron mutane ce kurum. Ba ta iya mallakar fili da sunanta, ba ta iya kai ƙara da sunanta, kuma ba ta cika ma'aunin farko na yafe haraji ba.

Dokar da ke kula da wannan ita ce Dokar Kamfanoni da Al'amuran da suka Shafe su, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 7 ga Agusta 2020, ta maye gurbin ta 1990. Kashi na F na dokar shi ne na ƙungiyoyi, kuma Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC, ita ke aiwatar da shi. Tsarin ya tsaya ne a kan amintattu. Ƙungiya za ta yi taro ta zaɓi mutum biyu ko fiye, ta ba su izinin neman rajista, a rubuta wannan cikin bayanin taro. Wanda bai kai shekara 18 ba ba ya zama amintacce, haka wanda kotu ta tabbatar yana da taɓin hankali, da wanda kotu ta ayyana ya karye bai kuwa farfaɗo ba, da wanda aka hukunta kan zamba ko rashin gaskiya cikin shekara biyar da suka wuce. Za a haɗa da tsarin mulkin ƙungiya, wanda tilas ya faɗi sunanta da manufofinta, da yadda ake naɗa amintattu da sauke su, da yadda ake taro, da yadda ake karɓar kuɗi da kashe su da binciken lissafinsu. Sa'an nan a buga sanarwa cikin jaridu biyu masu fita kullum, ɗaya daga ciki ta kasance mai yawo a ƙasa duka, a jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Idan babu, ko kuwa an duba ƙorafin an ga ba shi da tushe, sai Hukumar ta ba da takardar shaida.

Daga ranar amintattun sun zama jiki guda mai suna a gaban doka, wanda ba ya mutuwa da mutuwar ɗayansu. Wannan ne babban amfanin rajista, ko da ba a zo maganar haraji ba. Filin da aka saya da sunan Amintattu Masu Rajista ba ya shiga rabon gadon kowa.

Ƙungiyoyin unguwa da yawa suna riƙe da takardar shaida daga ƙaramar hukuma ko daga wata ma'aikatar jiha, an sa ta cikin gilashi an rataye a ofis. Takarda ce mai amfani, tana nuna hukuma ta san da zaman ƙungiyar, tana kuma sauƙaƙa hulɗa da jami'an raya karkara da birane. Amma ba ta mai da ƙungiya jiki mai suna a gaban doka, kuma bai kamata shugabanni su ɗauka ta ɗauke musu rajistar tarayya ba.

Matsayin Reshe

Nan ne aka fi samun ruɗani. Reshen Kagarawal na wata ƙungiya mai hedkwata a Kaduna ko Abuja yana amfani da sunanta da tambarinta da kayan sarkinta, membobinsa kuwa sun tabbata cewa uwar ƙungiya tana da rajista. To, shin rajistar ta lulluɓe su?

Amsar ta dogara ga takardu. Dokar Nijeriya ba ta san reshe a matsayin jiki mai zaman kansa ba. Abin da ta sani shi ne amintattun da aka yi wa rajista. Saboda haka reshe yana da hanya biyu, kuma tilas ya san wadda yake kai.

Hanya ta farko ita ce ya zauna a ƙarƙashin inuwar uwar ƙungiya. A wannan hali ba ya bukatar rajista tasa, ba ya bukatar lambar shaidar haraji tasa, domin shi gaɓa ce ta jikin da ya riga ya mallaki waɗannan. Amma kuwa duk kuɗin da ya shiga hannunsa kuɗin uwar ƙungiya ne a idon doka, kuma dole ya bayyana cikin lissafin da uwar za ta kai wa hukuma a ƙarshen shekara. Ma'ajin reshe da bai taɓa aika lissafi sama ba ya bar uwar ƙungiya tana kai rahoto mai giɓi, ko ta sani ko ba ta sani ba. Reshen da ke kan wannan hanya ya kamata ya ajiye abubuwa kaɗan cikin akwatinsa: wasiƙar da amintattu ko majalisar uwar ƙungiya suka rubuta ta amincewa da buɗe shi, da kwafin takardar rajista, da kwafin tsarin mulki wanda a ciki aka yarda da kafa rassa. Asusunsa na banki ya zama da sunan ƙungiya bisa izinin amintattu. Idan aka ba shi kyautar fili, a rubuta takardar da sunan Amintattu Masu Rajista, ba da sunan shugaban reshe ba. Kuma bai zama rashin ladabi ba idan magatakardan reshe ya rubuta wa hedkwata sau ɗaya a shekara yana tambaya ko an kai rahoton bara, domin idan inuwar ta yage, reshe ne zai sha rana tare da uwar.

Akwai wani abu a wannan hanya da ba a cika tunawa da shi ba sai ranar saɓani. Idan reshe ya ɓata da hedkwata ya yanke shawarar ɓallewa, ba ya tafiya da ginin da aka rubuta da sunan amintattu, ko da 'yan unguwa ne suka ɗauki kowane bulo a ka. Gara a san haka tun ranar aza harsashi.

Hanya ta biyu ita ce reshe ya yi rajista tasa, da amintattunsa da tsarin mulkinsa, ya riƙa hulɗa da babbar ƙungiya a matsayin abokiyar tafiya. Hukumar CAC ba ta yarda da sunan da ya yi kama da wanda aka riga aka yi wa rajista har ya iya ruɗa jama'a, saboda haka sai an nemi yardar masu sunan ko a zaɓi wani. Wanda ya bi wannan hanya ya sami 'yancin dukiyarsa, amma ya ɗauki dukan nauyin rahoto da lissafi a wuyansa, da kuɗin jarida da na rajista. Ga reshe mai mutum talatin wanda abin da yake tarawa bai taka kara ya karya ba, hanyar farko ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, in dai uwar ƙungiya tana riƙe da takardunta sosai.

Abin da ba shi da kyau shi ne tsayawa tsakani: suna na uwar ƙungiya, asusu da sunan ma'aji, babu wasiƙar amincewa, babu lissafin da ke zuwa ko'ina. Irin wannan reshe ba ya ƙarƙashin rangwamen kowa. Kuɗin da ke cikin asusun ma'aji kuwa, a takarda nasa ne. Idan ya rasu magadansa suna da hujjar riƙewa, idan kuma ofishin haraji na jiha ya tambaye shi asalin kuɗin, shi kaɗai zai amsa.

Waɗansu ƙasashe sun yi wa ƙananan ƙungiyoyi tanadi na musamman, kuma sanin haka yana da amfani ga masu hulɗa da masu ba da tallafi daga waje, domin sukan yi tambaya bisa abin da suka saba da shi a gida. A Amurka uwar ƙungiya tana iya riƙe takardar yafewa guda wadda ta haɗa rassanta, kuma ƙungiyar da kuɗin shigarta bai wuce dala 50,000 a shekara ba gajeriyar sanarwa kawai take aikawa ta intanet. Duk da wannan sauƙi, wadda ta yi shekara uku a jere ba ta aika ba ta rasa rangwamenta kai tsaye. Cikin 2011 hukumar harajin ƙasar ta soke na ƙungiyoyi kimanin 275,000 a kan haka. A Ingila ƙungiyar sadaka da ba ta samun fiye da fam 5,000 a shekara ba a tilasta mata rajista da hukumar kula da ƙungiyoyin sadaka. Dokar Nijeriya ba ta sa irin wannan iyaka ba. Duk wadda ta yi rajista, babba ce ko ƙarama, tana kai rahoto.

Kuɗin Taro da Kuɗin Ciniki

A ɗauka, alal misali, wani reshe ne a Kagarawal mai mutum 40, kowa yana zuba Naira 500 a wata. A shekara sun tara Naira 240,000. Sun kuma yi taron neman gudummawa, attajirai da 'yan unguwa mazauna waje suka ba da Naira 600,000. Babu haraji a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan, ko da an kai ƙarshen shekara da saura a asusu. Kuɗin wata da gudummawa da tallafin da wata hukuma ta bayar don aikin da aka kafa ƙungiya dominsa, duka suna cikin abin da aka yafe.

To, sai wani mai dabara a cikinsu ya kawo shawara a sayi kujerun roba da rumfuna a riƙa ba da haya ga masu biki da suna, don ƙungiya ta daina dogara ga roƙo. Shawara ce mai kyau, kuma doka ba ta hana ba idan tsarin mulkin ƙungiyar ya yarda. Amma daga ranar da aka fara karɓar kuɗin haya an shiga sana'a. Idan hayar ta kawo Naira 300,000 a shekara, aka kashe 120,000 wajen gyara da dako da ladan yaran da ke kafa rumfa, ragowar 180,000 riba ce ta sana'a, kuma ba ta cikin rangwamen ƙungiyoyin agaji.

Shugabanni sukan ce ai ribar ma marayu aka saya wa littattafai da ita. Kotuna sun daɗe da amsa wannan. Cikin 1974 Kotun Haraji ta Tarayya ta saurari shari'ar wani gini a birnin Ikko mai suna Wesley House, wanda ke da alaƙa da Cocin Methodist, ana ba da hayarsa don amfanin aikin cocin. Kotu ta yanke cewa kuɗin hayar na sana'a ne, a biya haraji a kansa. Inda kuɗi ya fito ake dubawa, ba inda za shi ba. Haka kuma cikin 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙi yafe wa wata makaranta haraji, domin an yi mata rajista ne a matsayin kamfani mai hannun jari, wanda masu shi ke da ikon raba riba.

Kada wannan ya tsorata masu ƙaramin ciniki. Doka ta sa harajin ribar ƙananan kamfanoni a kan sifili, kuma sau da yawa idan aka duba lissafin irin wannan haya ta kujeru za a tarar babu abin biya. Sai dai ofishin haraji ne ke yanke haka bayan ya ga lissafi, ba ma'aji ba ne zai yanke wa kansa a zaure. Abin da ake bukata shi ne a raba littafi biyu, ko a ƙalla a raba shafi: kuɗin taro da gudummawa gefe guda, kuɗin ciniki da abin da aka kashe a kansa gefe guda. Wanda ya cakuɗa su ya wahalar da kansa, domin ranar bincike shi ne zai nuna wace Naira ce ta sadaka, wace ce ta haya.

Rijiyar burtsatse ta fi kujeru wuyar sha'ani. A gari irin Gombe, inda ruwa ke da daraja, ƙungiya takan haƙa rijiya ta sa ɗan kuɗi kaɗan a kan jarka don sayen mai da gyaran famfo. Wata kuwa takan sayar wa 'yan garuwa a farashin kasuwa daga safe har dare. Tsakanin waɗannan biyu akwai tazara, kuma abubuwan da ake dubawa su ne ko ana yin abin a kai a kai, ko farashin na kasuwa ne, ko kuwa ana samun rara mai kauri bayan an cire ɗawainiya. Kwamitin da ya rubuta cikin bayanin taronsa dalilin sa kuɗin da yadda aka ƙayyade shi, ya kuma ajiye rasit na mai da na makaniki, ya riga ya tanadi amsarsa.

Hannun Shugabanni

Sashe na 838 na dokar 2020 ya ce dukiyar ƙungiya da kuɗin shigarta a kan manufofinta kaɗai za a kashe su, kuma ba a ba memba wani kaso da sunan riba ko garaɓasa, a fili ko a fakaice. Ƙungiyar da ta ga saura a asusu ta raba wa membobi goron Sallah ta taka wannan sashe, ta kuma rushe ma'auni na biyu na yafe haraji da hannunta. Ɗan majalisar gudanarwa ba ya riƙe muƙami mai albashi a cikin ƙungiyar, sai fa ma'aikacin da muƙaminsa ne ya ba shi kujera a majalisar. Amma doka ba ta ce mutum ya yi hasara don ya yi aikin sa-kai ba. Ana mayar wa shugaba kuɗin motar da ya kashe zuwa taro, ana biyan memba hayar shagonsa idan ƙungiya ke amfani da shi, matuƙar kuɗin bai wuce kima ba, ana kuma biyan ma'aikaci ladan aikin da ya yi da gaske. A rubuta kowanne, a sa hannu.

Ko ranar da ƙungiya ta mutu ƙa'idar ba ta sakewa. Kotu ce ke rushe Amintattu Masu Rajista, kuma abin da ya rage bayan biyan bashi ana miƙa shi ga wata ƙungiya mai irin manufarta. Ba a raba shi tsakanin membobi.

Abin da ba a Yafe ba

Rangwamen ya tsaya a kan rarar kuɗin ƙungiya. Bai shafi albashin ma'aikatanta ba. Idan reshe ya ɗauki malami ko mai gadi ko akawu, shi ke da alhakin cire harajin albashi, idan akwai, ya kai wa hukumar jihar da ma'aikacin ke zaune kafin ranar 10 ga wata mai bi. Ga mazaunin Kagarawal, Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar Gombe ke nan. Bisa sabuwar doka babu haraji a kan Naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara, kuma mai karɓar mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda aka tsayar a kan Naira 70,000 a wata cikin 2024, an yafe masa. Mai gadin da ake ba Naira 40,000 a wata ba a cire masa komai. Duk da haka ana sa sunansa cikin jerin ma'aikata da ake kai wa hukumar jiha kafin ƙarshen Janairu kowace shekara.

Harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 cikin 100 tun Fabrairun 2020, ƙungiya tana biyansa idan ta sayi siminti ko kwano ko kujeru, kamar kowa. Abincin yau da kullum da magunguna da littattafan karatu ba a ɗora musu shi, saboda haka mafi yawan kayan da ƙungiyar agaji ke rabawa ba su da wannan nauyi. Akwai kuma harajin da mai biya ke cirewa tun daga tushe, kamar kashi 10 cikin 100 na kuɗin hayar gida. Ƙa'idojin da suka fara aiki ranar 1 ga Janairu 2025 sun sauƙaƙa wa ƙananan masu biya a kan mu'amalar da ba ta wuce Naira miliyan 2 a wata ba, idan wanda ake biya yana da lambar shaidar haraji. Reshen da ya sami tallafi mai yawa har zai ba ɗan kwangila aikin gina aji ya tuntuɓi ofishin haraji kafin ya biya, domin idan bai cire ba shi za a bi.

Rahoton Shekara da Tara

Ƙungiya mai rajista tana da ƙofa biyu da take kai rahoto, kuma ɗaya ba ta ɗauke wa ɗaya. Hukumar CAC tana karɓar rahoton amintattu tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba kowace shekara, ban da shekarar da aka yi rajista. Wadda ta daina kaiwa sai a ga an nuna ta cikin rajistar Hukumar a matsayin wadda ba ta aiki, kuma masu ba da tallafi da bankuna suna duba wannan rajista ta intanet.

Ƙofa ta biyu ita ce Hukumar NRS. Tilas ƙungiya ta mallaki lambar shaidar haraji, wadda yanzu ake haɗa ta da lambar rajistar CAC, kuma banki zai nemi ganinta. Waɗansu bankuna sukan ƙara da neman takardar sashen SCUML na Hukumar EFCC. Sa'an nan tilas ta kai rahoton lissafinta cikin wata shida bayan rufe shekarar kuɗinta, ko da babu harajin da za ta biya. Sabuwar ƙungiya tana da wata 18 daga ranar rajista, ko wata shida bayan rufe lissafinta na farko, duk wanda ya riga zuwa. Da wannan rahoto ne Hukumar ke ganin cewa sharuɗɗan rangwame suna nan a cike, da shi ne kuma ake samun takardar shaidar cewa ba a bin ƙungiya haraji, wadda ma'aikatu da manyan kamfanoni ke nema kafin su saki tallafi.

Tarar sakaci ta ƙaru ƙwarai. A tsohuwar doka wanda bai kai rahoto ba yana biyan Naira 25,000 a watan farko da 5,000 a kowane wata mai bi. Yanzu Naira 100,000 ce a watan farko, da 50,000 a kowane wata bayansa. Rashin yin rajistar haraji kuwa Naira 50,000 ce a watan farko, da 25,000 a kowane wata mai bi. A koma ga mutum 40 ɗin nan na misali, a ce sun zaɓi hanya ta biyu sun yi rajista tasu. Idan suka makara wata shida, tara ta kai Naira 350,000, alhali duk abin da suke zubawa a shekara 240,000 ne. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya sa ƙaramin reshe ya yi dogon tunani kafin ya fita daga inuwar uwarsa, ya kuma sa wanda ya riga ya fita ya naɗa mutum guda wanda aikinsa shi ne tuna ranakun rahoto.

Littattafan da ake bukata ba su fi ƙarfin wanda ya gama makarantar sakandare ba: littafin shiga da fita, da ƙunshin rasit mai lamba, da takardun banki, da littafin bayanin taro. Doka ta ce a ajiye su shekara shida. Abin da ya fi ɓatar da su shi ne sauyin shugabanni, sa'ad da tsohon magatakarda ya tafi da fayil gidansa don an kayar da shi a zaɓe, saboda haka ya kamata tsarin mulki ya faɗi ranar miƙa takardu da wanda zai shaida miƙawar.

Idan ofishin haraji ya aiko da takardar ƙiyasi wadda ƙungiya ke ganin ba daidai ba ce, tana da kwana 30 daga ranar da ta karɓa ta rubuta ƙin yarda, ta faɗi dalilanta, ta haɗa da kwafin takardunta. Idan ba a daidaita ba, akwai Kotun Sauraron Ƙarar Haraji, wadda reshenta na Arewa maso Gabas ke zama a Bauchi, kuma dokokin 2025 sun kafa ofishin mai karɓar koke-koken masu biyan haraji don ƙorafi a kan halayyar ma'aikata. Ba a miƙa wa kowane ma'aikaci kuɗin haraji ko na tara a hannu. Ta banki ake biya a karɓi shaida. Ƙungiyar da ke rufe littafinta ranar 31 ga Disamba, ranarta ta ƙarshe a ofishin NRS ita ce 30 ga Yuni na shekara mai bi, wadda kuma ita ce ranar da ƙofar rahoton CAC ke buɗewa.